Ta Yi Saɓa

Da aka fara maganar cewa ma'aikatarmu za ta tashi daga Legas ta koma Abuja, kowa a ofis ya shiga neman hanyar zillewa. Wannan ya ce matarsa na da tsohon ciki, wancan ya ce ƙafarsa ba ta son doguwar tafiya, wata kuwa ta rantse an gaya mata macizai na shiga ofis a can su kwanta cikin fayil. Cikin masu buga tafireta ni kaɗai na je da ƙafata na ce a sa ni a rukunin farko. Oganmu, wani Bayarabe mai son raha, ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko dai wani na mara a Legas nake gudu, don ya san halina. Ban yi masa bayani ba. Dalilina yana gida, yarinya ce da ta kusa gama firamare.

'Yata ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran na babban yayanmu ba, kuma ba zan fara yanzu don ina riƙe da biro ba. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti, don haka ta tashi ta ji yaran maƙwabta na kirana. Uwarta ta gaskiya Inna ce, mahaifiyata, wadda ta zo daga Katsina yi mini wankan jego da niyyar a yi arba'in ta koma, ba ta koma ba. Yarinyar ce ta riƙe ta. Tun tana goye ba ta cika daɗewa a tsaye ba. In kunne bai zubar da ruwa ba, maruru ya fito a hammata, maruru na fashewa tari ya sauka a ƙirji. Murar da za ta zaga yaran gidan hayarmu duka su kakkaɓe ta, ita sai ta zauna mata har an manta da na sauran. Kowane likita da abin da zai faɗa, kowa kuma ya rubuta ruwan magani mai zaƙi a sha. Inna ta daɗe da yanke hukunci cewa laimar Legas ce. Ɗakinmu bango na gumi, katifa ba ta bushewa, takalmi ya kwana biyu a lungu ya yi fumfuna. Ni ma na yarda da ita, don ina neman abin da zan yarda da shi. Na sa a raina in na kai yarinyar nan inda iska ke bushe, za ta rayu kamar 'ya'yan kowa.

Aka ba mu gida a Wuse, hawa na biyu a wani bene da fentinsa bai gama bushewa ba. Maigidana ya zauna a Legas, don nasu ofishin bai samu ranar tashi ba tukuna, sai dai ya leƙo mu in ya samu hutu. Ta tagarmu jar ƙasa kake hangowa har inda ido ya tsaya, da katafila na ture tudu, da tituna masu faɗi waɗanda ba su kai ko'ina ba. Abokan aikina suna ta ƙorafin babu kifi, babu biki, babu inda mutum zai je da yamma. Ni ban ga abin ƙorafi ba. Na shanya zane ya bushe kafin in gama wanke na biyu, wannan ya ishe ni.

Wadda ta fi kowa murna Inna ce. Shekarun da ta yi a Legas da hannu take ciniki, ta nuna tattasai ta ɗaga yatsu. A nan kuwa ta shiga kasuwar Wuse ta tarar Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa sun kafa rumfuna, matan Gwari masu kawo doya a kafaɗa ma da Hausa suke amsa mata. Bakinta ya buɗe. Ta daina jirana in raka ta ko'ina, ta yafa mayafi ta kama hannun jikarta su fita. "Ƙawata" take ce mata, su yi ta faɗa a kan wa ya fi wani cin gyaɗa. Kuma gaskiya yarinyar ta ɗan murmure a watannin farko. Tarin ya ragu, kumatu suka fito. Na fara ji a raina cewa na yi dabara.

Sai zafin bazara ya shigo, irin na Abuja da ke sa bangon bene ya yi ɗumi kamar murhu, ya zo mata da haɓo. A da ba ta yi. Tana zaune sai jini ya ɓalle daga hanci, a jiƙa tsumma a ɗora mata a goshi ya tsaya. Wata rana ya ƙi tsayawa, Inna ta kai ta wurin wani mai kemis a kasuwa, ya cusa mata auduga can ciki ya ce kada a taɓa. Jini ya tsaya. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, ga amai ga gudawa, idanu suka yi ja, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Mai kemis ya ce taifot ne ya ba da kafso. Audugar kuwa Inna ce ta zare ta da kanta, ba don ta zargi komai ba, sai don ta fara wari. Yarinyar ta sha wuya ƙwarai, amma ta tashi. Mun saba ganin ta kwanta ta tashi, shi ya sa ban ɗauki wannan daban da na baya ba.

Abin da ya bambanta ya zo daga baya, bayan ta warke har ta koma makaranta. Fatar tafin hannunta ta fara ɗagowa daga kan yatsu, tana saɓulewa falle-falle. Ta tafin ƙafa ma haka. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Ta mai da abin wasa, ta zauna a bakin ƙofa tana jan fatar a hankali don ta fito da faɗi, ta ɗaga ta a rana ta ce, "Anti, dubi, har zanen hannuna ya fito a jiki." Na daka mata tsawa na ce ta zubar da ƙazanta. Amma hankalina bai kwanta ba, na ce wa Inna ko mu kai ta a duba.

Inna ta yi dariya ta ce, "A duba mi? Saɓa ce ta yi. Ke ba ki san kin yi taki ba da kika yi ƙyanda? Ciwon da duk ya kai ga saɓa ya fita ke nan, jiki ya tuɓe shi. Ƙyanda ce ta ɓoye mata a ciki ba ta fito ba, yanzu ta fita ta hannu. Kuma irin wannan sau ɗaya yake kama mutum."

Wannan magana ta yi mini daɗi. Kowa ya san wanda ya yi ƙyanda ya gama da ita har abada, na gani a kaina, na gani a ƙannena. Inna ta yi sadakar ƙosai ta raba wa yaran bene. Sabuwar fatar ta fito jawur mai laushi, yarinyar na ta nuna wa mutane. Damina ta sauka, haɓon ya ɗauke, muka manta.

Bazarar da ta biyo baya ta tarar da gari ya cika. Manya sun tare, waɗanda suka yi ta zillewa duk an tattaro su, manyan motoci na sauke kabad da fayil a ƙofar ofis kullum. Aka soke hutun kowa. Cikin wannan hali haɓon ya dawo, a makaranta ya same ta, aka kawo ta gida riga duk jini. A ƙarshen layinmu an buɗe wani ƙaramin asibitin shan magani, ɗaki biyu da benci. Malamin asibitin wani magidanci ne daga kudancin ƙasar nan, mai fara'a, ya daɗe a arewa yana aiki. Yaran unguwa na son sa don hannunsa ba shi da zafin allura. Shi ya tsayar da jinin. Ya cusa mata dogon bandeji siriri a hancin, ya liƙe da filasta, ya ce a bar shi sai jijiyar ta kama. Na ga aikin da na dawo, tsaf da shi, na ce wannan ya fi na mai kemis.

Da zazzaɓin ya taso, da safe ne ina shirin fita. Jikinta zafi rau, ta yi amai sau biyu. Na tsaya da jaka a hannu ina shawara. Inna ta ce in tafi aikina, ita za ta mai da ta wurin malamin, ai ba nisa, kuma yana jin Hausa. Yarinyar ta ɗago kai daga cinyar Inna ta ce in sayo mata mangwaro in zan dawo. Na ce in ta sha magani ba gardama zan sayo.

Na sayo mangwaron. Da na shigo bayan la'asar na tarar da ita kwance a tabarma, Inna na yi mata fifita. Inna ta ce an yi mata allurar maleriya, malamin ya ce za ta yi barci, kuma ga shi zafin ya sauka, taɓa ki ji. Na taɓa hannun. Sanyi ƙalau, amma ba sanyin sauƙi ba, irin na ƙarfen famfo. Ƙirjinta kuwa wuta. Na kira ta, ta buɗe ido jajur ta dube ni, ta yi mini magana da Yarabanci, tana tambayar wata ƙawarta da muka baro a Legas. Leɓenta ya bushe, harshen ja kamar ta sha zoɓo. Na tambayi Inna yaushe rabonta da fitsari. Inna ta ce tun jiya.

Rabona da in goya ta tun tana ƙarama, kunya ba ta bari. Ranar na goya ta, ƙafafunta na dukan ƙwaurina, na sauko da ita daga bene. Mai tasin da ya tsaya ya fara cewa ba hanyarsa ba ce. Ban san me na gaya masa ba, na dai san ya buɗe ƙofa da kansa, ya kai mu har babban asibiti. A can ma sai da na ɗaga murya kafin aka bar maganar kati aka karɓe ta. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta matsa, ta saki, ta sake matsawa, sannan ta fita da sauri.

Likitar da ta zo mace ce, Bazazzagiya, ba ta girme ni ba. Ta sa aka ɗaura ruwa a hannu biyu, ta duba ido, ta duba harshe, ta danna fatar cikin yarinyar da yatsa ta ɗaga tana kallon wurin a ƙarƙashin fitila. Ta ce jikin ya yi ja ko'ina, baƙar fata ce ta ɓoye shi. Sannan ta juyo gare ni.

"Ta taɓa yin irin wannan?"

Na ce bara, daidai wannan lokaci, amma taifot ne, kuma ta warke.

"Bara ma an cusa mata abu a hanci?"

Na ce e, auduga.

"Da ta warke, kin ga wani abu a hannunta ko ƙafarta?"

Na ce ta yi saɓa, har tafin ƙafa.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙa hannu aka ba ta hantsaki, ta ɓare filastar, ta fara jan bandejin. Ban taɓa zaton abu mai tsawo haka zai shiga hancin yarinya ba. Yana fitowa baƙi ƙirin, wari ya cika ɗakin. Ta wanke wurin, ta faɗi sunayen allurai, masu jinya suka watse neman su.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, duk ta ji. Ta matso ta ce, "Likita, ai na gaya wa na safe. Wallahi na gaya mashi."

Likitar ta ce, "Me kika gaya masa, Mama?"

"Na ce mashi bara ma haka ta yi, har ta yi saɓa. Sai ya ce, 'Oho, ya saba? To tunda ya saba, maleriya ne, Mama, no wahala. Yaran da ya saba zazzaɓi, allura ɗaya ya isa.' Na ce mashi bandejin fa? Ya ce a bari sai gobe, kar jini ya dawo."

Na dubi likitar, ta dube ni. Mu biyu mun ji abin a lokaci ɗaya, Inna ce kaɗai ba ta ji ba. Ita a kunnenta mutumin ya maimaita abin da ta faɗa ne da irin Hausarsa, wadda ba ta raba mace da namiji, ba ta kuma lanƙwasa harafi. Ta ji irin wannan Hausar a kasuwa har ta daina lura. Shi kuwa a kunnensa tsohuwa ta ce jikarta ta saba da zazzaɓi, abin da iyaye ke gaya masa kullum. Ta ce saɓa, ya ji saba. Kowa ya tashi yana ganin an fahimce shi, har suka yi sallama da godiya.

Ban yi wa Inna bayani a wurin ba. Na fita baranda na kama ƙarfen na tsaya. Haushi ne ya cika ni, kuma ban san wanda zan sauke wa ba.

Washegari da hantsi likitar ta kira ni gefe ta zaunar da ni. Ta kira sunan ciwon da Turanci, toksik shok, ta ce ita ma a karatu ta fi saninsa, ba kasafai ake ganinsa ba. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a hancin mutane da fatarsu, lafiyayyu ma, ba ta yi musu komai. Amma in ta samu wuri rufaffe mai ɗumi, kamar auduga da ta jiƙe da jini ta daɗe, sai ta hayayyafa ta saki dafi cikin jini. Dafin ne ke kayar da bugun jini, ya hana ƙoda aiki. Na ce to ai mutane nawa ake cusa wa auduga a hanci su tashi lafiya. Ta ce haka ne, domin yawancin mutane kafin su girma jininsu ya riga ya haɗu da wannan dafi kaɗan-kaɗan ba su sani ba, ya ƙera garkuwarsa ya ajiye. Wasu kuwa ba su da ita, yara sun fi yawa a ciki. Da na ba ta labarin kunne da maruru da tarin da muka yi fama da su a Legas, ta gyaɗa kai ta ce tana zaton jikin yarinyar tun asali ba ya ƙera irin wannan garkuwa yadda ya kamata, amma awon da zai tabbatar ba su da shi a nan.

Na ce, "Amma Likita, ta yi shi bara ta warke. Ba shi ke nan ba? Kamar ƙyanda?"

Ta ce, "Da ma haka ne. Ƙyanda jiki na riƙe ta, in ta dawo ya gane ta. Wannan dafin kuwa rikita jiki yake yi, da yawa cikin waɗanda ya kama suna warkewa ba su riƙe komai ba. In ya dawo, kamar bai taɓa zuwa ba. Saɓar nan ba fitar ciwo ba ce, Hajiya, shaidarsa ce. Ita kaɗai ke nuna abin da aka yi."

A nan na gane ba laima ba ce. Na kwaso yarinya na ratsa ƙasar nan da ita ina neman busasshiyar iska, ashe abin yana cikin jininta, tare muka shigo mota. Busasshiyar iskar ma ita ta fasa mata hanci. Ban faɗi wannan ga kowa ba a lokacin, na dai tambayi likitar ko za ta tashi. Ta ce suna iya ƙoƙarinsu, ƙodar ce abin tsoro, mu yi ta addu'a.

Na aika wa maigidana saƙo ta wayar ofis, ya kamo hanya. Kwanakin da suka biyo baya ni da Inna muna gefen gado, ɗaya ta nan ɗaya ta can, muna kallon robar fitsarin da aka rataye, wadda ba ta taruwa. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah fitsari ba, amma shi na roƙa a kowace sujada. Jikinta ya kumbura, zoben azurfar da Inna ta sa mata sai da aka yanke shi. Sau ɗaya ta dawo hayyacinta sosai, da rana tsaka. Ta dubi Inna ta ce, "Ƙawata, kin cinye gyaɗar ko?" Inna ta ce ta ajiye mata, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Anti, ba ki je ofis ba?" Na ce an ba ni hutu. Ta ce, "To ki zauna." Na zauna, na riƙe hannun. Ubanta ya iso ya same ta da rai, amma ba ta gane shi ba.

Da hantsi rai ya yi halinsa. Inna ce ta shafe mata ido. Maza suka ɗauke ta bayan azahar suka kai ta wata maƙabarta a bayan gari wadda aka ce kaburburan cikinta ba su da yawa tukuna.

Washegari da gari ya waye Inna ta tsare ni a kicin ta ce in gaya mata abin da ni da likita muka gani a maganarta, don ta lura da kallon da muka yi wa juna. Na so in ɓoye, ta ce kar in mai da ita yarinya. Na gaya mata. Ta daɗe a tsaye tana motsa baki, tana faɗin kalmomin biyu a hankali, saɓa, saba. Sai ta ce, "Da na nuna mashi da hannu. A Legas da hannu nike nunawa." Na ce mata likita ta ce ko da ya ji daidai, ba lalle ya san ciwon ba, manyan likitoci ma na wuce shi. Gaskiya ne, haka likitar ta ce. Inna ta ce, "Amma da ya ji, da ya yi mamaki. Da ya yi mamaki da ya tura mu gaba."

Haushin da na rasa inda zan kai sai ya tattaru a kan mutumin. Ina zaune cikin mata ana ta shigowa gaisuwa, ina amsawa, amma a zuciyata magana nake shirya masa. Na tsara ta tsaf. Zan tambaye shi wa ya ce ya zauna kujerar duba marasa lafiya da rabin harshe. Zan gaya masa in bai ji abu ba ya ce bai ji ba. Zan faɗa a gaban benci cike da mutane, da Hausa da Turanci, don kar ya ce wannan ma bai gane ba. Na san ni, in na fara ba mai tsayar da ni, kuma ina jiran a share makoki ne kawai in je.

Bai bari na je ba. Ranar addu'ar uku, bayan maza sun shafa fatiha a ƙasan bene, aka ce wani na son ya gai da Mama. Na leƙa, sai ga shi a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi tun daga matakala ya riƙe a hannu. Ba Musulmi ba ne, amma ya samo hula ya sa, ta yi masa kaɗan. Idonsa ya kumbura. Daga ganinsa na san ba wanda ya gaya masa komai, shi dai ya ji yarinyar da ya yi wa allura ta rasu, ya zo. Ya durƙusa a bakin ƙofar ya ce, "Mama, sannu. Madam, sannu. Yaron nan yana da kirki, kullum yana gaishe ni in zai tafi makaranta. Allah ya ji kanshi."

Na buɗe baki, duk abin da na shirya yana nan, ban manta ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fito shi ne, "Mace ce."

Ya ɗago kai bai gane ba.

Na ce, "Mace ce. Ka ce Allah ya jiƙanta."

Ya gyara durƙuso, ya haɗa hannu biyu, ya faɗa a hankali yana kallon bakina kamar ɗan makaranta. Ya samu macen, harafin ya gagare shi. Ya sake gwadawa, muryarsa ta karye a tsakiya.

Inna ta ce amin daga cikin ɗaki. Ni sai da ya sauka daga benen, na ji ya tsaya a ƙasa yana sa takalmi, sannan na iya cewa.